Shafi na Huɗu

Asabar, 13 ga Oktoba 1984, bayan la'asar

Sun tafi da injin. Su uku ne, a mota marar lamba. Biyu suka ɗauke shi daga kan teburin zaure, na ukun ya tsaya yana tambayata lafiyar iyali kamar wanda ya zo ɗaurin aure. Bai faɗi sunansa ba. Takalminsa fari ne tas, a garin nan na Gadarif ta Sudan mai baƙar ƙasa. Zan riƙa kiransa Mai Farin Takalmi.

Tsohon injin roniyo ne, na saye shi a gwanjo shekara huɗu da suka wuce, bayan an sallame ni daga koyarwa. Da shi nake buga Takardar Juma'a. Da hannuna nake rubuta ta a kan takardar kaki, rabi Larabci rabi ajami, in juya kwafi ɗari da hamsin, direbobin lori su kai ta kambo-kambo, inda 'yan ƙwadago ke kwana a manyan gonakin Doka da Simsim. Ba wani abu a cikinta. Inda ruwa ya sauka, ranar fara yankan riɗi, wanda aka haifa, wanda ake cigiya, da darasin haruffa ga mai son koyo. Shafi uku ke nan. Na huɗu kullum fari nake barinsa.

Ya ce, "Ustaz Lawali, ba abin da ka buga ne ya kawo mu ba. Abin da ba ka buga ba ne."

Ya ce in same shi a ofishinsu na tsaro ranar Litinin.

Lahadi, 14 ga Oktoba, hantsi

Alhaji Iliya maƙwabcina ya shigo da jabanarsa, butar gahawa, kamar kullum. Shekara arba'in muna sha tare a rumfar nan, shekara ashirin yana kirana Ba'amurke.

"Ba'amurke, an ce baƙi sun rage maka kayan ɗaki."

"Sun rage."

"To ga abin da ya jawo." Ya zaro takarda daga cikin hularsa, ta sha ninki har ta yi laushi. Ta farkon watan nan ce. Na juya shafi na huɗu.

Sunaye shida, kowanne da garinsu. A ƙasa layi uku: ranar da suka rasu a wani kambo na Simsim, da cewa sun sha ruwa daga duro mai jan fenti a baki, an binne su a gefen gona, aka ce wa danginsu sun gudu. Ba zagi, ba sunan mai gona. Amma kowa ya san gonar wane ne, kowa kuma ya san waɗanda ke cin abinci a gidansa ran Juma'a.

Alhaji ya ce an karanta ta a tashar mota, an karanta ta a Doka bayan salla, masu iya rubutu suna kwafa a nasu farin shafin su miƙa gaba. Ya dube ni ta saman kofi. "Kai ka rubuta?"

Na ce a'a.

"To wallahi rubutunka ne sak. Har na ce tsufa ya sa Ba'amurke ya yi zuciya."

Gahawa ta zube mini a jallabiya. Ya ɗauka rawar hannun nan tawa ce ta kullum.

Na san hannun da ya rubuta shafin. Ba zan rubuta sunan a nan ba.

Lahadi, bayan magariba

Ni na jawo, tun shekara ashirin da ɗaya da suka wuce.

A 1963 aka tura mu Amurka, mu malaman firamare kaɗan, wata tara a wani ƙaramin gari kusa da Boston. Wata tsohuwar malama ce ta koya mana tarihin makarantunsu na farko. Ta kai mu wani ɗaki guda na katako, benci-benci da murhu a tsakiya, ta ce a irinsa aka koyar da kakanninta. Ta nuna mana abin da yaransu ke fara karatu da shi: ɗan katako mai mariƙi, an manna takardar haruffa, an rufe da ƙaho da aka fere har ana gani ta cikinsa. Na yi dariya a gaban kowa. Allo ne! Na ƙetare teku in ga allo a cikin gilashi. Ta ce sun taɓa yin doka cewa duk garin da ya kai gida hamsin dole ya ɗauki malami. Na lissafa gidajen unguwarmu a zuciyata, na samu ɗari huɗu.

Ita ce ta ba mu labarin jaridarsu ta farko, a Boston, a 1690. Shafi uku aka buga, na huɗu aka bar shi fari, don mai karatu ya ƙara nasa labarin kafin ya miƙa wa wani. Ranar ban ci abincin rana ba don daɗi. Na ce wannan shi ne abin da mutanena ke bukata: takarda da za ta bar musu wuri.

Ta kuma faɗa mana cewa fitowa ɗaya jaridar ta yi, cikin kwanaki hukuma ta rufe ta. Na ji da kunnena. Na rubuta a littafina. Amma ban ɗauko wannan rabin na taho da shi ba.

Na dawo da takardar shaida mai hatimi, aka ce in fara kawo hujjar cewa ni ɗan ƙasa ne, ni da aka haifi ubana a nan. Waɗanda nake gyara wa Larabci suka zama sufetoci. Ni aka bar ni da aji biyu har gashina ya yi fari, sannan aka ce mini an gode.

Litinin, 15 ga Oktoba, bayan la'asar

Tun ƙarfe takwas nake kan benci, sai bayan azahar aka kira ni. Ba zan kwatanta ginin ba.

Mai Farin Takalmi ya shimfiɗa takardar a kan tebur, ya miƙo mini biro da farar takarda. "Rubuta bisimilla, Ustaz."

Na rubuta. Layin ya fito kamar sawun kaza a laka. Shekara biyar ke nan hannuna na dama yana rawa.

Ya jera su gefe da gefe. Ya ce, "Shafi ukun nan naka ne, ga su suna rawa. Na huɗu ma rubutunka ne, amma na lokacin da kake da ƙarfi. Wani ka koya wa."

"Na koyar da yara fiye da dubu biyu."

"A makarantar gwamnati, da littafin gwamnati. Ni ma da shi na koya. Wannan rubutun gida ne." Ya yi murmushi. "Kawo mini sunayen waɗanda ka koyar a zaurenka. Ba na gaggawa. Kafin a gama yankan riɗi."

Gaskiyarsa. A gida ba na amfani da littafi. Layi ɗaya nake rubutawa a saman shafi, ɗalibi ya yi ta kwaikwayo a ƙasa har in kasa bambanta nawa da nasa, sannan in ba shi sabon layi. Haka malamina ya yi mini, haka kuma na gani a tsofaffin littattafan yara a ɗakin katakon nan. Na ɗauki wannan abin alfahari ne.

Mutum biyar na koyar haka. Biyu suna Jidda. Ɗaya ya rasu. Sai Husaini mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin gidan waya. Sai ɗaya.

Talata, 16 ga Oktoba, asuba

Ban ci tuwon jiya ba. Yana nan a rufe.

Laraba, 17 ga Oktoba, bayan azahar

'Yata Ummusalama ta kawo mini abinci, da 'yarta Asiya a goye. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. Ita kaɗai ta rage mini. Ungozoma ce, tana bin lorin mijinta Cindo zuwa kambo in an yi kiran haihuwa. Asiya wata huɗu gare ta. Kafin ita an binne biyu.

Na bari ta sauke kwano. Na ce, "Uwata, kwafi nawa Cindo ya kai Simsim farkon wata?"

"Arba'in."

"Duka kika rubuta?"

Ta gyara goyo. "Talatin da takwas. Biro ya ƙare."

Na rasa abin da zan jefa, na jefar da hulata.

"Ina wurin, Baba," ta ce. "Matar Ɗanliti, ɗaya daga cikin shidan, aka kira ni in karɓi haihuwarta. Ina yanke cibiya ana ɗaukar gawar uban a waje. Na gan su da idona, su shida. Washegari wakilin gona ya zo ya ce wa matar mijinta ya gudu ya bar ta. Da jinin haihuwa a jikinta."

"Sai ki zo ki faɗa mini!"

"Da ka buga?"

Na sunkuya na ɗauki hulata.

"Kai ka ce shafin na wanda ke da labari ne."

"Labarin suna nake nufi! Da ɓatan jaki!"

"Ba haka ka faɗa ba lokacin da nake ƙarama."

A'a, ba haka na faɗa ba. Unguwa mai gida ɗari huɗu ba makarantar 'yan mata, sai na zaunar da ita a zaure tana shekara bakwai, na cika mata kai da Boston.

Na ce ba zan rubuta sunan ba, ga shi na rubuta. Daga yau littafin nan cikin buhun dawa zai riƙa kwana.

Juma'a, 19 ga Oktoba, hantsi

Juma'ar farko cikin shekara huɗu da ba takarda. Direbobi biyu sun tsaya a ƙofa, suka ga teburin wayam, suka gaishe ni suka wuce. Na ukun bai ma tsaya ba.

Asabar, 20 ga Oktoba, bayan la'asar

Sun ɗauki Husaini daga bakin gidan waya. Ban ba su sunansa ba. Wallahi ban bayar ba.

Lahadi, 21 ga Oktoba, azahar

Ba labari. Uwarsa ta zo ta tsaya a ƙofar zaure. Ba ta shigo ba. Da ta zage ni ya fi mini sauƙi.

Talata, 23 ga Oktoba, bayan la'asar

An sako Husaini jiya. Na je gaishe shi. Hannunsa na dama yana cikin tsumma, ya ɗora shi a cinya kamar abin aro. Ya ce sun sa shi ya rubuta sunayen sau da yawa, suka ga ba nasa ba ne, domin shekarun rubuta wasiƙun gaggawa sun lalata abin da na koya masa. Ya yi ƙoƙarin dariya. "Ka ga amfanin rashin jin magana, Ustaz."

Ban tambaye shi abin da ya sami hannun ba.

Da zan fita ya rage murya. "Sun tambaye ni su wa muke zama tare a zaure. Na lissafa maza. Mazan kawai suka tambaya."

Abin da ke tsare Uwata ke nan. Bai zo masa a rai ba cewa mace ce. Raini kaɗai, kuma raini ba ya daɗewa a wurin mutum mai haƙuri irinsa.

Laraba, 24 ga Oktoba, bayan magariba

Cindo ya zo, ya durƙusa nesa kamar yadda ya saba, hula a hannu.

"Baba Ustaz, lorina na da mai. Gobe in kai ta Kasala wurin goggona."

"In ta bar garin nan a makon nan, ta sa hannu ke nan."

Sai ya ce, "To in je in ce ni ne."

"Cindo, rubuta mini sunanka."

Ya dubi babban yatsansa, wanda yake dangwalawa. Muka yi dariya, mu biyu, irin wadda ba ta kai ciki.

Da ya tafi maganarsa ta zauna. In je in ce ni ne. Ni ma zan iya faɗa, amma mutumin ya riga ya ga hannuna.

Alhamis, 25 ga Oktoba, hantsi

Motar ta tsaya a bakin layi. Mai Farin Takalmi kaɗai ya fito, wai wucewa yake yi ya ce bari ya gaishe ni. Ummusalama tana tsakar gida tana shanya kayan Asiya. Labulen zaure a ɗage yake.

"'Yarka ce, Ustaz?"

"Ita ce."

"Masha Allah. Ungozomar nan ko? An ce har Simsim take zuwa." Ya kakkaɓe takalminsa. "Ungozomomi sukan yi karatu kuwa?"

Na ce abin da ake koya musu da baki ne.

Ya ce, "Haka ne." Ya ce riɗi ya kusa ƙarewa, bana bai yi yawa ba.

Na daɗe a tsaye bayan motar ta tafi. Sannan na saki labulen zaure.

Juma'a, 26 ga Oktoba, bayan asuba

Na lura da abu. Da asuba, kafin in sha gahawa, rawar ba ta da ƙarfi. In na jingina gwiwar hannu a jikina, na ɗaure wuyan hannun da ƙyalle, takan lafa na ɗan lokaci.

Na karɓi takardar Alhaji, na ajiye shafi na huɗu a sama, na sa farar takarda a ƙasa, na fara kwaikwayon sunan farko da garinsa.

Ɗanliti Sale, Mai Wurno.

Sau talatin. Ko ɗaya bai yi kama ba.

Asabar, 27 ga Oktoba, hantsi

Alhaji ya shigo da jabana, na ce na daina sha. Ya leƙa takardun da ke gabana, ya gane, domin ba wawa ba ne. Ya zauna a hankali.

"Ba'amurke ya koma aji ɗaya," ya ce. "Wa ke riƙe da bulala?"

Ya sha tasa shi kaɗai, ya juya mini baya don kada ƙamshin ya dame ni. Da zai tafi ya ce, "Lawali." Rabon da ya kira sunana har na manta. Ya ɗauki jabanarsa ya fita.

Lahadi, 28 ga Oktoba, bayan azahar

Ummusalama ta ga takardun. Ta ce ba za ta yarda ba, gobe za ta je da ƙafarta.

"Ni na rubuta, Baba, kuma gaskiya na rubuta. Kai ka ba ni labarin mai buga jaridar nan na New York da aka kulle, matarsa ta ci gaba da bugawa, daga baya aka sake shi saboda abin da ya buga gaskiya ne."

"An sake shi don maƙwabtansa goma sha biyu sun zauna sun ce a sake shi. Wa zai zaunar miki da mutum goma sha biyu a nan? Bana ana yanke hukunci kafin shayi ya huce. Kin ga hannun Husaini?"

"Kai kuma jikinka zai ɗauka?"

"Ni ba na shayarwa."

Ta yi kuka, ta ce ba za ta ji ba. Sai na faɗi abin da ban taɓa faɗa mata ba tun da aka haife ta. Na ce, "Uwata, in kika buɗe baki a kan maganar nan, ban yafe ba."

Ta dube ni kamar na mare ta. Ta ɗauki Asiya ta fita.

Litinin, 29 ga Oktoba, asuba

Tsoho Garba, Doka. Adam Haruna, Janaina. Na biyun ya ɗan yi kama.

Kaina yana sara saboda rashin gahawa.

Talata, 30 ga Oktoba, hantsi

Ta dawo tun da sassafe. Ba ta gaishe ni da baki ba. Ta kwantar da Asiya a tabarma, ta zauna a damana, ta duba abin da na rubuta.

"Kana dannewa da yawa," ta ce. "Sassauta. Kuma kada ka riƙe numfashi, sake shi kafin ka ja jelar harafin."

Maganata ce. Kalma da kalma, abin da nake faɗa mata shekara ashirin da suka wuce. Ta ɗora hannunta a kan nawa muka ja layin tare. Hannunta na ƙamshin sabulu da nono.

"Sake," ta ce.

Na sake.

"Bai yi ba. Sake."

Ban san na yi mata tsanani haka ba.

Laraba, 31 ga Oktoba, bayan azahar

Na buɗe akwatin ƙarfe na fito da littattafanta na yarinta, goma sha ɗaya. Layina a sama, nata a ƙasa, daga karkatacce har zuwa inda ni kaina ban san wanne ne nawa ba. Na ajiye su ne don in nuna wa jikoki. Ta cusa su ɗaya ɗaya a murhu ƙarƙashin tukunyar tuwo. Ni na ce a yi, amma na fita zaure.

Alhamis, 1 ga Nuwamba, asuba

Abakar Yahaya. Isiyaku Ɗan Fatu. Musa Adam.

Ban taɓa ganin ko ɗayansu ba. Yanzu na fi sanin sunayensu fiye da na kakannina. Da an kawo mini su farkon watan jiya, da na ce ba wuri a takarda. Na sani. Ita ma ta sani.

Juma'a, 2 ga Nuwamba, la'asar

Motar ta wuce sau biyu. Ba ta tsaya ba.

Asabar, 3 ga Nuwamba, hantsi

Yau na kai wa Alhaji takarda biyu, tata da tawa, na ce ya nuna ta asali. Ya sa tabarau, ya juya su, ya nuna tawa. Na ce ƙarya yake yi don ya faranta mini. Ya rantse da kabarin uwarsa.

Amma wannan da asuba ne, a zaurena, da ƙyalle a hannu. Ummusalama ta ɗinka mini wani siriri da zai ɓuya a ƙarƙashin hannun jallabiya. Ta ɗaure mini shi don gwaji, ta ja har yatsuna suka yi sanyi.

Cindo ya ce loriyoyin riɗi na ƙarshe sun shigo daga Simsim.

Ina jin tsoro. Na rubuta shi a nan don ba inda zan faɗa. Shekara sittin da ɗaya, ban taɓa kwana a wurin da aka kulle ni ta waje ba. Ina tsoron duka. Ina tsoron in yi fitsari a gabansu. Fiye da duka ina tsoron su tambaye ni sau uku in faɗi gaskiya a na huɗu.

Litinin, 5 ga Nuwamba, bayan la'asar

Na isa ƙarfe bakwai don in sami Mai Farin Takalmi hannuna na da sauran natsuwa. Suka bar ni a benci har rana ta take. Ina ji rawar tana dawowa kaɗan kaɗan, daga ƙaramin yatsa. Na zauna a kan hannun.

Da aka shigar da ni ya ce, "Ka kawo sunayen?"

"Suna ɗaya ne. Ni na rubuta."

"Ustaz, mun wuce nan."

"Takardar kaki sai an danna da ƙarfi, shi ke sa hannuna rawa. Ran nan kuma tsoro ne. Ba ni biro."

Ya ba ni. Na manna gwiwar hannu a haƙarƙarina. Na saki numfashi. Ɗanliti Sale, Mai Wurno. Ya fito. Tsoho Garba ya fito. Na uku, na huɗu. A na biyar gumi ya ɗiga a takarda. A na shida biron ya kufce, jelar harafin ƙarshe ta yi tsalle kamar an ture ni.

Ya ɗauka ya jera da ta asali. Ya daɗe. Sannan ya dubi hannun jallabiyata, daidai inda ƙyallen yake, ya daɗe a nan ma.

"Ka yi ƙoƙari, Ustaz," ya ce.

Ya ajiye takardun.

"Jikarka wata nawa?"

Na ce biyar ta kusa.

Ya buga biron a tebur sau biyu, uku. "Ni suna ɗaya aka ce in kawo. Ba a ce mini wanne ba." Ya jawo wata takarda ya ce in sa hannu a ƙasa. Na sa, hannun yana rawa yadda ya ga dama. "Ka zo jibi Laraba da hantsi. Taho da bargo da maganinka. Kada ka sa in aiko."

Ya sani. Ya san na san ya sani. Ban san ko tausayi ba ne ko gajiya, ban kuma damu ba.

Talata, 6 ga Nuwamba, hantsi

Na sha gahawa kofi uku. Alhaji ya ce, "A hankali, Ba'amurke, kada ka rushe musu gini da rawa."

Ya yi alkawarin buhun dawa ga matar Ɗanliti. Na ce ya sa Cindo ya faɗa mata da baki cewa mijinta bai gudu ba. Ya ce ai ta riga ta sani, an karanta mata. Ta sa an nuna mata inda sunan yake, ta yanke wurin ta ɗinke a cikin layar yaron.

Ban san me zan yi da wannan labarin ba. Makonni uku ina tsine wa tsohuwar malamar nan da ɗakinta na katako.

Laraba, 7 ga Nuwamba, bayan asuba

Ban san kwana nawa ba ne, ko wata nawa. Ba wanda ya faɗa, ban tambaya ba. Tsoron yana nan, bai ragu ba.

Uwata ta zo ta naɗe bargon, ta sa maganin a aljihu. Na ce mata maganar ran Lahadi na janye rabinta: na yafe mata duniya da lahira, amma bakin nan a rufe. Ta ce to.

Zan bar littafin nan a hannun Alhaji ya ba ta bayan na fita. Uwata, ki karanta sau ɗaya ki sa a murhu. Saura shafi ɗaya a ƙarshe. Na ɗauki biro in cike shi da layi don kada ya zauna fari, sai na fasa.

Laraba, bayan azahar

Wannan ba rubutun Baba ba ne, ko da yake ba mai iya bambancewa.

Ya fita da hantsi, da farar jallabiya, bargo a kafaɗa. Ya hana mu raka shi. Alhaji Iliya ya bi shi daga nesa har ya ga shigarsa.

Ya ce in rufe baki, na rufe. Littafin ban ƙona ba.

Lawali Muhammadu, Gadarif. Malami. Bai gudu ba.